Dayis, fata da enzayim ɗin NAT1: lamarin matar da rinin gashi ya kashe a Ingila

A ƙarshen Oktoban 2011 wata mata a yankin Yokshaya na arewacin Ingila, shekarunta 38, tana da yara biyu, ta shafa rinin gashi a gida kamar yadda ta saba yi shekara da shekaru. Irin na kwali ɗin nan ne da ake sayarwa a manyan shaguna, mai takardar bayani a ciki da komai. Bata jima da shafawa ba numfashi ya fara sarƙe mata, aka kwashe ta sai asibiti, kafin a ankara zuciya ta tsaya. Likitoci sun samu sun dawo da bugun zuciyar amma ƙwaƙwalwa ta riga ta daɗe bata samu iska ba, toh haka ta kwanta bata san inda kanta yake ba fiye da shekara guda, ta rasu a Nuwamban 2012.

A can idan mutuwa ta zo ta irin wannan hanyar akwai jami'in da yake zama kamar alƙali ya binciki musabbabinta a bainar jama'a. An yi zaman nata a farkon 2015, kuma abin da aka tsaya a kai shine jikinta ne ya yi mummunan bori ga wani sinadari da ke cikin rinin, sunansa parafenilindayamin, wanda kowa ke taƙaitawa da PPD. Amma abin da ya fi jan hankalin mutane a zaman shine wani labari da ya fito na shekarar 2007: ta je hutu Dubai an yi mata zanen baƙin lalle, kuma daga bayan wannan zanen ne ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburin da take samu in ta rina gashi suka ƙaru, ta yi ta zarya wajen likitanta a kan haka. Jami'in ya rubuta mutuwar a matsayin tsautsayi, ya kuma nemi a ƙara faɗakar da jama'a kan alaƙar baƙin lalle da rinin gashi.

Kun ga dalilin da yasa na ɗauko lamarin. Baƙin lallen Dubai ɗin nan shine dai dayis ɗinmu, wanda ake zana wa amare da ƙawayen amarya, da sallah kuwa har jarirai wasu ke zana wa. Kuma PPD ɗin da ke cikinsa shine dai sinadarin da ke cikin yawancin baƙin rinin da iyayenmu maza ke ɓoye furfurar gemu da shi a shagon aski.

Bari mu shiga cikin fatar tukunna, don a nan ainihin labarin yake.

Yawancinmu kallon leda muke wa fata, abin rufe nama kawai. Saman-samanta kam gaskiya matattun ƙwayoyi ne da suka jeru bisa juna da maiƙo a tsakani, kuma siririn bango ne sosai, kaurinsa a yawancin jiki bai kai na silin gashi ba (tafin hannu da tafin ƙafa ne suka fi kauri, shi yasa ma jan lalle ya fi kamawa a wurin). Amma da an wuce wannan bangon sai a tarar da ƙwayoyi masu rai, keratinosait, kuma waɗannan suna ɗauke da enzayim iri-iri, wato ƙananan furotin masu sarrafa sinadarai su juya su zuwa wani abu daban. Aikin da muka san hanta da shi na kashe kaifin guba, fata ma tana taɓa nata daidai ƙarfinta. Akwai masu yanka sinadari gida biyu, akwai masu liƙa masa wani sinadarin jiki mai suna glutatayon don a samu a fitar da shi, akwai dangin sitokrom P450 duk da dai a fata basu da yawa kamar a hanta. Wani lokacin ma aikin nasu kan juye da mugun zare, su ɗauki sinadarin da bai da laifi su mayar da shi mai cutarwa. Enzayim ɗin da ya shafe mu a nan sunansa NAT1.

NAT1 yana da ɗan uwa, NAT2, wanda ya fi zama a hanta da hanji, kuma ma'aikatan asibitin tarin fuka sun san shi sarai domin shine yake sarrafa maganin isoniyazid, wasu mutane jikinsu na yi da sauri wasu a hankali, gado ne. Shi NAT1 ya fi yaɗuwa a jiki, kuma a fata shine mai gida. A shekarar 2000 wasu masu bincike a Jamus suka nuna cewa fatar ɗan Adam da ƙwayoyin keratinosait suna kama PPD su liƙa masa wani ɗan guntun sinadari da ake kira asetil. PPD yana da hannaye biyu masu kama abu, in aka liƙa asetil a ɗaya an toshe ɗaya, in aka liƙa a biyun an gama da shi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna wanda aka toshe ɗin baya tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki yadda ɗanyen yake yi, jini ne zai kwashe shi ya kai ƙoda ya fita a fitsari salin alin. An ma gwada a jikin mutane da rinin gashi na gaske, aka ga abin da ya ratsa cikin jiki ɗan kaɗan ne, wajen kashi 1 cikin 100 na abin da aka shafa ko ƙasa da haka, kuma abin da aka tarar a fitsarinsu mafi yawa wanda aka riga aka toshe ne.

Toh in haka ne ina matsalar take?

Matsalar tsere ce. PPD da ya shiga fata hanya biyu ce a gabansa. Ko NAT1 ya riga kama shi, ko kuma iskar oksijin ta riga shi, domin shi PPD da kansa yake canzawa in ya haɗu da iska, shi yasa ma yake yin baƙi. In ya canza ta wannan hanyar sai ya zama wasu sinadarai masu mugun son liƙewa, ciki har da wanda ake kira sinadarin Bandrowski, su je su manne a jikin furotin ɗin fatar mutum. Furotin ɗinka ne, naka na kanka, amma yanzu kamanninsa sun sauya. Akwai wasu ƙwayoyi a fata masu sintiri, ƙwayoyin Langerhans, su zasu ɗauki wannan baƙon abu su kai shi kaluluwa su nuna wa sojojin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T, su kuma su haddace shi. Kuma wallahi haddarsu bata gogewa, in sun riƙe sun riƙe kenan har ƙarshen rayuwa.

Shi kuma NAT1 yana da iyaka. Kamar kwalbatin unguwa ne, ruwan wanke-wanke da na wanka kullum yana wucewa ba wanda ya ma san yana aiki, amma ranar da aka yi ruwan Agusta kamar da bakin ƙwarya sai ka ga ya cika ya tumbatsa cikin gidaje. Ƙari a kan haka, an nuna a ɗakin gwaji cewa PPD in ya yi yawa har rage ƙarfin enzayim ɗin kansa yake yi. Kenan duk abin da ya ƙara yawan PPD a kan fata, ko ya ƙara tsawon lokacin da zai zauna, ko ya rage kaurin bangon saman nan, yana tura tseren ne zuwa ɓangaren da ba a so.

Yanzu a kwatanta rinin gashi na kamfani da dayis. A Tarayyar Turai doka ta ce PPD kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rinin, da can kashi 6 ne aka rage. Sannan a cikin kwalin akwai wasu sinadarai irinsu resosinol da aka zuba musamman don su haɗu da PPD ɗin su zama launi a cikin gashi, da ruwan haidurojin feroksaid mai hanzarta haɗuwar, kenan cikin 'yan mintuna yawancin ɗanyen PPD ɗin ya ƙare, bayan kamar rabin awa kuma a wanke. A kan gashi ake nufin ya zauna, fatar kai tana samun rabonta ne kawai a gefe. Dayis fa? Kai tsaye a kan fata ake zana shi, da kauri, a bar shi ya bushe, babu waɗancan sinadaran masu cinye shi, kuma ba wanda ya auna. Wani bincike da aka wallafa a 2010 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da aka yi wa matar nan zane kenan, ya karɓo lalle daga shagunan kwalliya ya gwada, duk baƙin lallen da aka gwada akwai PPD a ciki, wani ƙasa da kashi 1, wani har kashi 29.5 cikin 100. Ku duba ku gani, kusan ninki goma sha biyar na abin da aka yarda a sa a gashi. A Turai da Amurka duka doka bata yarda a shafa PPD a fata ba sam, a Amurka ma shi kansa jan lallen hukumar abinci da magunguna ta ƙasar gashi kawai ta amince a sa wa.

Ni a ganina wannan shine ya faru da matar Yokshaya a 2007. Shekaru tana rina gashi fatarta na ɗan jurewa, sai zane guda ya zuba mata abin da ya fi ƙarfin enzayim ɗin nesa ba kusa ba, garkuwar jiki ta samu cikakken darasi. Daga nan kuma lissafi ya canza gaba ɗaya, don wanda jikinsa ya riga ya haddace PPD ɗan mitsitsin da ya kuɓuce wa NAT1 ma ya isa ya tayar da bori. Enzayim ɗin yana nan yana aikinsa, amma taimakonsa ya fi yawa kafin a kamu, bayan an kamu sai dai nisanta. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai guda biyar ya tarar kusan kashi 0.8 cikin 100 na jama'a suna da wannan borin na PPD, amma a cikin waɗanda suka taɓa yin baƙin lalle adadin ya haura kashi 3.

Akwai wani bambanci da ya kamata a faɗa don kar a tsorata mutane fiye da kima. Borin da aka saba gani daga PPD mai jinkiri ne. Wadda aka yi wa zane karon farko zata iya kwana bakwai zuwa sha huɗu lafiya lau, har biki ya watse an kai amarya, sannan wurin ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi bororo yana tsiyayar ruwa, kuma abin mamaki daidai da siffar fulawar da aka zana, ganye-ganye reshe-reshe. Wadda ta riga ta kamu kuwa kwana ɗaya zuwa uku ya isa. In a kai ne sai ka ga fuska ta haye, idanu sun rufe, bayan kunne da ƙeya suna ruwa. Wannan yana da muni amma ba kasafai yake kisa ba. Abin da ya kashe matar Yokshaya ɗayan nau'in ne, mai zuwa cikin mintuna, maƙogwaro ya kumbura, jini ya faɗi ƙasa warwas, shine anafilaksis, kuma daga PPD ba a cika ganinsa ba ko kaɗan. Maganinsa na gaggawa allurar adirenalin ce, ba man shafawa ba, ba kuma jiƙo ba. Sai dai abin lura a tarihinta shine jikin ya yi ta ba da sanarwa shekaru kafin ranar, duk rini sai an samu ƙaiƙayi da kumburi, a sha magani ya lafa, furfura ta sake lekowa a sake shafawa. Wannan ɗabi'ar kam ba sai an je Ingila ba, wa bai san mai cewa "ai ɗan ƙaiƙayi ne kawai, kwana biyu ya wuce" ba?

Mu a nan akwai abubuwan da nake ganin suna ƙara mana haɗari a kan na Turawa. Na farko gyaran jikin amarya. Ana yin dilka da halawa a murje fata tas a cire gashi, wato an kankare wani sashe na wancan bangon matattun ƙwayoyin, sannan washegari ko jibi a ɗora dayis daga yatsu har gwiwar hannu, ƙafa har ƙwauri, wasu har ƙirji da baya. Faɗin wurin ma kaɗai abin dubawa ne. Na biyu mayukan bilicin, da yawansu akwai siteroyid a ciki kuma sananne ne cewa siteroyid in an daɗe ana shafawa yana sirantar da fata. Na uku kalar fatarmu, ja-ja ɗin farko da Bature zai gani ya tsorata mu ba lallai mu gan shi ba sai abu ya yi nisa, kuma bayan an warke tabon yakan zauna, ko ya yi baƙi ƙirin ko ya yi fari-fari, watanni ana yawo da fulawar a hannu, masu jikin da ke yin tabo mai tudu kuma nasu ya fi wahala. Sai su kansu masu ƙunshin, waɗanda nake jin sun fi kowa shiga ciki, da hannu suke kwaɓawa, ranar jajiberin sallah tun safe har tsakar dare yatsu cikin dayis. In hannun mai ƙunshi ya fara tsagewa yana ƙaiƙayi baya jin magani, ba sanyi bane ba kuma sabulu bane kawai, ta nemi likitan fata. Safar hannu ta naitiril tafi ta roba ta gama-gari tare irin waɗannan sinadarai, kuma ba a maimaita ta.

Wani zai ce to ai ga wance shekara ashirin tana dayis ko ƙurji bata taɓa yi ba. Gaskiya ne, kuma su ne ma suka fi yawa. Mutane sun bambanta a kaurin fata, a ƙarfin enzayim, a yadda garkuwar jikinsu take saurin ɗaukar abu da zafi. Masu bincike sun bi diddigin gadon NAT1 da NAT2 ko za a gane waɗanda suka fi haɗari, bambancin da aka gani bai kai a ce ga gwajin jini da zai ce wance ki yi wance kar ki yi ba. Kuma wanda bai kamu a zane na goma ba yana iya kamuwa a na sha ɗaya, ya danganta da kwaɓin ranar. Hatta gwajin nan na awa 48 da ake rubutawa a kwalin rini, a ɗiga kaɗan a jira, amfaninsa ga wanda ya riga ya kamu ne. Yarinyar da yau ne karonta na farko gwajin zai fito lafiya, domin jikinta bai gama haddar ba tukunna.

A Sudan, inda dilkar ma ta samo asali, sun ga wata fuskar PPD da ta fi wannan muni. Likitoci a Khartoum sun ba da rahoton yara 31 da aka kawo asibiti tsakanin 1984 da 1989 da gubar haɗin lalle da PPD, 13 daga ciki suka rasu, kuma cikin kwana guda da kawo su. Wannan ba borin garkuwar jiki bane, guba ce tsagwaronta idan sinadarin ya shiga jiki da yawa, galibi ta baki: harshe da wuya su kumbura har sai an huda maƙogwaro an sa bututun numfashi, tsoka ta narke, fitsari ya koma kalar cakulan, ƙoda ta tsaya. Babu wani maganin karya wannan gubar, sai dai a yi ta tallafar jiki da wankin ƙoda. An ga irinsa a Maroko da Indiya. Don Allah duk mai ajiye dayis a gida ta ɗaga shi sama inda hannun yaro baya kaiwa, kar a zuba shi a robar lemo ko kofin shayi.

Shi lallen gargajiya, ganyen da ake dakawa a tankaɗe, launinsa daga wani sinadari ne daban mai suna loson, yana kama matattun ƙwayoyin saman fata ne, yana bukatar awanni, ya fito ruwan lemo sannan ya nuna zuwa ja mai duhu cikin kwana biyu. Baya yin baƙi wuluk cikin rabin awa, duk abin da ya yi haka an sa masa wani abu ko da an rubuta "na asali" a jikin kwalin. Borin fata daga tsantsar lalle abu ne mai wuyar samu. Amma shi ma akwai inda ake taka-tsantsan da shi, kuma nan ma maganar enzayim ce, sai dai na jini: jariran da aka haifa da ƙarancin G6PD, wanda yake da yawa a Afirka ta Yamma musamman a yara maza, in aka lafta musu lalle a jiki jajayen ƙwayoyin jininsu na iya fashewa su yi shawara mai tsanani. An rubuta irin haka a Kuwait da Daular Larabawa. Jariri dai a bar masa fatarsa.

Wadda ta taɓa yin bororo a wurin zane, ko wanda fuskarsa ta taɓa hayewa bayan rinin gemu, matakin farko a wanke abin da ya rage a je asibiti, yawanci man siteroyid na ɗan lokaci da maganin ƙaiƙayi ake bayarwa, in ya yi tsanani a haɗa da na sha. In akwai sarƙewar numfashi ko kumburin leɓe da harshe ko jiri, wannan ba na jiran gari ya waye bane. Tabbatarwa kuma da gwajin manne ake yi, likitan fata zai liƙa PPD kashi 1 cikin 100 a cikin basilin a gadon baya, a cire bayan kwana biyu, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. In ya tabbata, an yi sallama da dayis da duk rinin da ke da PPD, kuma a kula da masu rubuta "babu PPD" a kwali don da yawansu ɗan uwansa PTD suka sa, wanda kaso mai yawa na masu borin PPD shi ma basa jure shi. Abin ma baya tsayawa a kwalliya, domin sojojin da suka haddace PPD sukan rikita shi da masu kama da shi: wasu rinin tufafi masu duhu, baƙar roba irin ta taya da tiyo, maganin kashe zafi benzoken da ake shafawa a dasashi ko a basir, wani lokacin har magungunan dangin salfa irinsu Septrin. Saboda haka a faɗa wa likita da likitan haƙori da mai kemis tun kafin su rubuta magani, a kuma sa a rubuta shi a katin asibiti.